Kafaɗar Naomi

"Ku tura! Malam, kai ma sa ƙarfi mana!"

Andrawus ya jingina ƙirji a bayan motar majigi ya yunƙura, ƙafafunsa suka nutse cikin yashin rafi har idon sawu. Wanda ya gan shi sai ya rantse ya fi kowa son motar ta fita, ga gumi ga nishi. Amma a zuciyarsa roƙon Allah yake yi ta kwana a nan, in da hali ma ta shekara. Taya ta yi ta juyawa tana watsa musu jiƙaƙƙen yashi. Direba ya leƙo ya zagi hanyar, ya zagi wanda ya fara kiranta hanya. Can sai ga wasu Fulani biyu sun ɓullo daga daji da shanunsu, suka ajiye sanduna suka kama. Yunƙuri ɗaya aka yi motar ta hau tudu.

"Alhamdu lillahi!" in ji Abarshi, mai bayanin majigi, yana karkaɗe wando. "Kafin la'asar muna Randagi. Yau mutanenku za su ga kansu a ƙyalle, Malam. Na san kai ma ka ƙosa."

"Na ƙosa," in ji Andrawus. Ya hau mota ya zauna kusa da gwangwanin fim, ya ɗan janye gwiwarsa don kada ta taɓa shi.

Andrawus malamin firamare ne a Birnin Gwari, kuma a 'yan shekarun nan na bayan samun mulkin kai babu wanda ya kai shi zama a ɗakin karatu na gari. Duk mujallar da ta zo sai ya karance ta har talla. Ba a yin hira da shi bai ce "masu bincike sun ce" ba, ko da zancen miyar kuka ake yi, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Malam Masu-Bincike. Ba ya jin haushi. In gaskiya za a faɗa, daɗin sunan yake ji.

A ɗaya daga cikin mujallun nan ya gamu da rubutun da ya shiga ransa. Wani mai bincike ne ya yi bayani a kan yadda mata ke ɗaukar kaya. Ya ce ɗaukar kaya a kafaɗa, irin na matan Gwari, yana tanƙwara ƙashin baya, maganin abin kuwa amalanke ne. Ya ƙara da cewa mutumin da bai yi karatu ba ba a shawo kansa da dogon jawabi, sai dai a nuna masa hoto: ga tsohuwar hanya, ga sabuwa, shi da kansa zai zaɓa. Andrawus ya haddace maganar kamar ayar Littafi. Ya yarda da ita har zuciya, don tun yana ƙarami yake ganin matan ƙauyensu da itace a kafaɗa. Su a wurinsu kai shi ke yi wa jiki tunani, saboda haka ba a ɗora masa kaya, kuma macen da ta ɗora ta zubar da mutuncinta.

Da ranin bara masu ɗaukar fim suka zo daga Kaduna don su mai da wannan rubutu majigi. Suka nemi ɗan ƙasa mai jin Turanci, Andrawus ya gabatar da kansa tun ba a rufe baki ba. Ya kai su Randagi, ya tsai da su a hanyar da mata ke dawowa daga daji. Sai dai an sami matsala. Matan suka riƙa wucewa da itace a kafaɗa, kowace a miƙe sak, suna hira suna dariya.

"Waɗannan ba su yi ba," in ji mai ɗaukar hoto. "Babu mai doro a garin nan?"

"Akwai wata tsohuwa," in ji Andrawus.

Wata tsohuwa. Haka ya ce, ita kuwa Naomi ce, uwar da ta haife shi. Ya kuma san abin da ya tanƙwara mata baya, don a gabansa aka yi: katangar rumbu ce ta jiƙe ta faɗo mata wata damina yana yaro, ta daɗe a kwance kafin ta tashi. Babu ruwan itace a ciki. Amma ya gaya wa kansa cewa ilimin da za a isar ya fi wannan ɗan bambanci muhimmanci. Ya je ya ce mata mutanen Kaduna suna son su ga macen da ta fi kowa aiki a Randagi. Ta fito da zanenta na coci, baki har kunne. Ya ce ta koma ta ɗauro na gona. Da ta ɗauko ƙwaryarta ta itace ta ɗora a kafaɗa, shi da bakinsa ya ce mata da yarensu, "Mama, ƙara sunkuyawa kaɗan." Ta ƙara.

Jiya aka fara nuna fim ɗin a filin kasuwar Birnin Gwari. Sunan Andrawus ya fito a farko cikin manyan haruffa, hedimasta ya dafa shi ya ce madalla. Sannan Naomi ta fito, ta cika ƙyalle, tana tafe tana dogara ƙafa. Abarshi ya kama lasifika ya shiga aikinsa. "To jama'a, ga gyatuma nan! Ta hutar da kai ta kashe baya! Allura ta yar ne take nema a ƙasa?" Fili ya ɗauki dariya. Hedimasta ya zunguri Andrawus da gwiwar hannu ya ce, "Mutanenku ke nan!" Andrawus ya yi dariya shi ma. Wannan dariyar tasa ita ce ta hana shi cin abinci tun jiya.

Yanzu ga mota tana ratsa daji, rassa na karce mata jiki, kuma kowace kwana aka sha Randagi na ƙara matsowa.

"Malam Abarshi," ya ce, "ni a ganina yau a nuna na rigakafi da na auduga kawai. Wancan na kafaɗa a bar shi."

"A bar shi? Don shi fa dagaci ya aiko. Gari guda na jiran su ga garinsu, ka ce a bar shi? Sai su kife motar nan."

"To ko a tsallake farkonsa."

"Ai farkon shi ne daɗin. Ba ka ji yadda aka yi jiya ba? Tsohuwar nan ita ce gishirin fim ɗin. Wallahi in na gan ta yau sai na ba ta goro." Abarshi ya dube shi. "Ka san ta ne?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta rage. Andrawus ya dubi itatuwan da ke wucewa ya ce, "Ƙauye ne, kowa ya san kowa."

Sun isa ana kiran la'asar. Kafin mota ta tsaya fili ya cika, har da mutanen ƙauyukan gefe da suka yi sammako. Andrawus ya sulale ya nufi gida, yana shirya ƙarya a hanya. Zai ce mata sauro ya yi yawa a filin. Zai ce hasken injin yana ɓata idon tsofaffi, masu bincike sun ce.

Ya tarar da gida cike da hayaƙin girki. Naomi ta yanka kaza, ta tuƙa tuwon dawa don baƙin Kaduna. Ta ɗaura zanen nan na coci, ta sa sabon ɗankwali wanda bai taɓa gani ba. Ƙawarta Mairo, maƙwabciyarta tun suna amare, tana zaune tana gyara mata ɗaurin.

"Ga shi nan!" in ji Naomi. "Ga wanda ya kai ni Kaduna ban taka mota ba. Zo in gan ka. Me ya sami fuskarka? Ba ka da lafiya?"

"Gajiyar hanya ce, Mama."

"Zauna ka ci."

"Mama, da kin zauna a gida yau. Filin nan akwai sauro, ga turereniya. In ya so gobe in ba ki labari."

Matan biyu suka dubi juna suka fashe da dariya. "Kin ji ɗanki," in ji Mairo. "Ni na bar jikata tana zazzaɓi na fito, na aika wa 'yan'uwana har Kakangi, shi yana zancen sauro. Malam, yau ko zakuna ne a filin sai mun je."

"Shi dama haka yake," in ji Naomi, tana zuba masa miya. "Tun yana ƙarami ba ya son a yabe shi a gaban mutane. Kin tuna lokacin da yake zuwa makarantar mishan da allonsa? Ni ban san ko harafi ɗaya ba, amma kullum sai na karɓa na duba. Alama biyu na sani. In na ga mai kama da ƙugiya, ya yi daidai, in ƙara masa nama. In na ga wadda aka gicciya, in ce masa gobe ka gyara. Da ƙugiyoyin sun yi yawa sai ya ɓoye allon a bayansa, wai kunya."

Andrawus ya miƙe. Ya ce zai je ya taya a kafa ƙyalle.

Ya sami Abarshi a bayan mota yana warware waya. Ya tsaya a kansa kamar mai jiran a yanke masa hukunci.

"Malam Abarshi, tsohuwar nan."

"Ka samo ta?"

"Mahaifiyata ce."

Abarshi ya saki wayar. Ya miƙe a hankali, ya cire hula ya mayar. "Mahaifiyarka? Wadda ta haife ka?"

"Ita."

"Inna lillahi. Kana zaune jiya ina ta sakin baki, ba ka ce mini komai ba? Kana dariya ma, na gan ka!" Ya riƙe haɓa. "Haba Malam. Ni ma fa ina da uwa. Ka sa na ɗauki alhakin baiwar Allah a banza."

"Ka taimake ni. Kada a nuna."

Abarshi ya leƙa filin. Dagaci ya riga ya zauna a kujerarsa, mutane sun yi dafifi har kan itatuwa. "Hanawa kam ta wuce, ka gani da idonka. Yankewa kuma ba ni da iko, kayan gwamnati ne. Abin da zan iya shi ne in kama bakina. In ta fito ba zan ce uffan ba. Mutanenku ba su karanta Turanci, sai su ga hoto kawai, su tafa, a wuce."

Andrawus ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya kama hannun Abarshi da hannu biyu yana godiya. Hoto kawai. Mutumin da ya shekara yana wa'azin cewa hoto ya fi jawabi shiga zuciya, yau shi ne yake murna don an ce hoto kawai za a gani.

Ana idar da sallar magariba aka ta da injin wuta. Naomi ta iso da ƙwaryar tuwon baƙi a kafaɗa, ta sauke a gindin mota, Abarshi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya kasa haɗa ido da ita. Aka ba ta wuri a gaba, ita da Mairo. Andrawus ya raɓe a gefe inda haske bai kai ba, amma yana ganin fuskarta.

Aka yi na rigakafi, aka yi na auduga. Sannan dutsen bayan gari ya fito a ƙyalle, fili ya ruɗe da ihu. "Ga rijiyarmu!" "Ga karen Jaji!" Da Naomi ta ɓullo daga cikin itatuwa da ƙwaryarta, mata suka rangaɗa guɗa. Mairo ta rungume ta tana jijjigawa. Naomi ta rufe baki da hannu, idanunta na ƙyalli, tana waiwaye tana neman ɗanta a cikin taro. Lasifika ta yi tsit kamar yadda aka yi alkawari. Andrawus ya fara sakin numfashi.

Abin da ya manta shi ne, jiya a daidai nan ya sunkuyar da kai, bai ga abin da ya biyo baya ba.

Hoton ya tsaya cak, Naomi a sunkuye. Aka zana wani farin layi a kan bayanta, ya bi doron ya lanƙwashe kamar lauje. Sannan wani layi mai kauri ya taso daga wannan kusurwa ya sauka waccan, wani ya gicciye shi, suka haɗu a kan fuskarta. Aka bar shi ya daɗe, don mai kallo ya fahimta. Bayan haka wata budurwa ta fito a kan shimfiɗaɗɗen titi, tana tura amalanke tana murmushi, aka zana mata ƙatuwar ƙugiya a gefe.

Guɗa ta mutu. Babu abin da ake ji sai ƙarar injin. Can baya wani ya yi 'yar dariya, aka ce masa kai, ya yi shiru. Da Abarshi ya yi barkwancinsa ma da ya fi sauƙi, ko ba komai da an sami wanda za a ji haushi.

Mairo ta yi ta maza ta ɗaga murya don na kusa su ji. "Ai girmama ki aka yi, Naomi. Alamar cocinku ce aka sa miki."

"A'a," in ji Naomi. Ba ta ɗaga murya ba, amma Andrawus ya ji. "Ta coci a tsaye take. Wannan na san ta."

Ba ta tashi ba. Ta zauna har aka gama, hannuwanta a kan cinya, tana kallon ƙyalle. Ba ta sake waiwayawa neman kowa ba.

Da aka kashe injin, mutane suka watse ba hayaniyar da aka saba. Matan da suka yi guɗa suka bi ta gefenta suna cewa sai da safe, idanunsu a ƙasa. Wasu kuma suka dubi inda Andrawus yake tsaye, kallo ɗaya, suka wuce. Ya gwammace a ce sun zage shi.

Naomi ta je gindin mota. Baƙi ba su ci tuwon da yawa ba, ƙwaryar na nan da nauyinta. Abarshi ya fara cewa, "Inna, don Allah ki yi haƙuri," ta ce masa da Hausarta mai ɗan karkata, "Ba komai, yaro. Kun ƙoshi?" Ya ce sun ƙoshi.

Andrawus ya matso. "Mama."

Ta kai hannu ta kwance sabon ɗankwalin, furfurarta ta fito fili. Ta murɗe shi ta naɗe ya zama gammo, irin yadda ta ga matan Hausawa na yi a kasuwa, ta ɗora a ka. Sannan ta sunkuya ta kinkimo ƙwaryar.

"Naomi!" in ji Mairo. "Me kike yi haka? A gaban mutane?"

Ta ɗaga ƙwaryar ta wuce da ita kafaɗa, ta aza a kan gammon. Wuyanta ya karkace, miya ta zubo ta gefe ta bi mata kunne. Ta riƙe da hannu biyu. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗora ko cokali a kanta ba, uwarta ma haka, kakarta ma haka.

"Mama, sauke," in ji Andrawus da yarensu. "Don Allah mai da ita kafaɗa. Ƙarya ce. Bayanki ba kaya ne suka tanƙwara shi ba, rumbu ne, na sani, ina wurin. Ni ne ban gaya musu ba. Ni na ce ki sunkuya."

"Na san kai ka ce."

"To sauke. Ko ki ba ni in ɗauka."

"Kai malami ne, ba ka ɗaukar ƙwarya." Ta juyo da jikinta duka, don ba ta iya juya wuya ba. Babu fushi a fuskarta, shi kuwa fushin yake nema bai samu ba. "Kun duba aikina, kai da mutanenka masu karatu, kun sa mini alama. Ni amalanke ba ni da shi. Wannan shi ne abin da zan iya." Ta gyara riƙo. "Kullum ce maka nake yi gobe ka gyara. Ni ba sai gobe ba."

Ta kama hanyar gida da 'yan ƙananan taku, ƙwaryar na rawa. Matan da ke gaba suka dare suka ba ta hanya. Mairo ta bi ta tana share ido da gefen mayafi.

Andrawus ya bi bayansu. Ya ɗaga hannuwansa biyu kusa da ƙwaryar, ko za ta suɓuce ya tare, amma bai isa ya taɓa ta ba. A haka suka ratsa garin, tana gaba yana baya, hannuwansa a sama.

Sun kusa ƙofar gida ta tsaya ta huta, ba ta waiwayo ba.

"Andrawus."

"Na'am, Mama."

"Duba mini. Yanzu na yi daidai?"